Sunan Da Trevor Bai Kira Ba

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris na shekarar 2025, da hantsi, 'yarka Kerry ta kira ni daga asibiti ta ce, "Glenda, Baba ya tafi." Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa. Neville Hartshorn, mai horar da masu ciwon zuciya a cibiyar motsa jiki ta ƙaramar hukumarmu a nan Kelthorpe, ka rasu kana da shekara sittin da takwas. Ba ka ƙara buɗe ido ba tun ranar Alhamis ɗin da aka rotsa maka kai da ƙarfe a bakin aikinka. Ina wurin a ranar, mijina Trevor ma yana wurin.

Jarida ta kira ka jarumi, ta buga hotonka da usur a wuya. Ba ta yi ƙarya ba, amma yarinyar da ta rubuta labarin ba 'yar garin nan ba ce. Ba ta san cewa shekara arba'in ke nan babu wani tsohon ma'aikacin ramin kwal da ya kira sunanka ba, har da Trevor, wanda kai ne babban abokinsa ranar aurenmu. Ba ta san cewa tun gawarka ba ta huce ba aka fara tambaya a kulob ɗin ma'aikata ko za a juya wa akwatin gawarka baya. Ni na sani, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna shekarar 1984, shekarar yajin aiki. Kai da Trevor rami ɗaya kuke sauka, kuma tare kuka tsaya a ƙofar mahaƙa ranar da 'yan sanda suka sako muku dawakai. Na ga doki ya bi ta kan mutum kamar buhu. Na ga kulki ya sauka a bakin Trevor, haƙoransa na gaba suka zube a kan kwalta, kai ka ja shi ta ƙarƙashin shinge, rigarka jina-jina da jininsa. Mu mata muna ɗakin taro muna dafa wa gari miyar dankali a tukunyar wanki. Wata takwas muna haka, ga yunwa ga duka, ba wanda ya motsa.

Sai wata safiya a watan Nuwamba motar kamfani ta zo, tagoginta a lulluɓe da ragar ƙarfe, kana zaune a ciki ka rufe fuska da hula. Ka koma aiki. Aka ce matarka Maxine tana da tsohon ciki, gidanku babu ko ƙwayar kwal. To, mu ma gidajenmu babu. Ban taɓa cewa ka yi daidai ba, Neville, kuma mutuwarka ba za ta sa in faɗa ba. Ka yi kuskure, har gobe haka zan ce.

Amma abin da aka yi maka ya wuce kuskurenka. Aka farfasa tagoginku da bulo, Maxine tana kwance a ciki. Aka rubuta "maci amana" da jan fenti a bangonku, duk harafi tsawon mutum. Aka banka wa ɗakin tattabarunka wuta, ƙaurin gashinsu ya cika layi har washegari. Cyril Maw, wanda shi ne kan gaba a reshen ƙungiyar ma'aikatan kwal na garinmu, ya tare ka a bayan kulob da mutum uku da ƙotar gatari. Suka karya maka hannu a wuri biyu, suka fasa maka dodon kunnen dama, suka bar ka a cikin kwata. Trevor ba ya cikinsu. Da labari ya iso masa yana cin abinci, ya ajiye cokali ya ce shi ba shi da wani aboki mai wannan suna.

Doka ce da ba wanda ya rubuta, amma ko yaro ya san ta. Wanda ya koma aiki ba a gaishe shi, ba a kiran sunansa. In ya shigo kulob, a ajiye kofi a fita. In ya mutu, ba a fito masa da tutar ƙungiya, 'yan badujala ba sa busa masa, kuma in motar gawarsa ta zo wucewa, maza su jeru a bakin titi su juya mata ƙeya. Na ga an yi wa mutum biyu haka da idona.

Ramin dai daga baya aka rufe shi. Wanda ya yi yajin da wanda bai yi ba, duk aka watsar da ku rana ɗaya. Irinka da yawa sun tattara sun bar garin, kai ka ƙi. Ka sami aikin goge daɓe a cibiyar da ƙaramar hukuma ta gina a kan tsohon filin jibge kwal, kana jan tsumma a bakin ruwan iyo da hannunka mai lanƙwasa. Daga goge-goge ka zama mai tsaron masu iyo, daga nan ka koma koya wa yara. Rabin matasan garin nan hannunka ne ya tallafi haɓarsu a cikin ruwa, har da jikokin waɗanda suka ƙone maka tattabaru. Iyayensu sukan miƙo su ta ƙofa ba ko sannu, kai kuma ka karɓe su kana musu wasa.

Garin da aka kashe masa aiki, jikin mutanensa ma lalacewa yake yi. Ƙura ta cinye huhu, zama ya kawo teɓa da ciwon suga, giya ta ƙarasa saura. Ban san inda za mu sa kanmu ba da babu wannan ginin. A can tsofaffin mata ke shiga ruwan ɗumi su miƙe gwiwa da fam biyu kacal. A can ake auna wa mutane jini kyauta. Lokacin sanyin da kuɗin wuta ya gagari mutane, kai ka matsa wa shugabanninka sai da suka buɗe ɗakin shayi, duk wanda gidansa ya yi sanyi ya zo ya zauna. Har Cyril Maw ya zo, da injin ɗumama gidansa ya mutu. Ya shiga wanka da ruwan zafi, ya fito ya tarar da tawul a ninke a kan benci da kofin shayi. Ya goge jikinsa, ya shanye shayin, ya wuce ka a ƙofa kamar ginshiƙi.

Shekara uku da suka wuce zuciyar Trevor ta buga. Bayan an yi masa aiki, likita ta ce magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, ta tura shi ajin masu ciwon zuciya a cibiya. Mutum ɗaya ne ke koyar da wannan aji a duk yankin, kai ne.

Trevor ya ce, "Gara in mutu."

Na ce, "To mutu mana, amma ba a kan kujerata ba, sabuwa ce. Tashi ka sa takalmi, tsohon banza."

Na tasa shi gaba kamar ɗan makaranta. Ni ma fa shekara talatin da bakwai ban ce maka ko uffan ba. Ka taho da abin awon jini ka ce, "Barka da zuwa, Trevor." Ya kafa wa bango ido. Can ya ce, "Glenda, gaya wa mutumin nan ba hira na zo yi ba."

Na zaci za ka yi fushi. Sai ka dube ni ka ce, "Glenda, gaya masa ya naɗe hannun riga."

Haka aka fara, kuma haka aka ci gaba. Ni na zama waya a tsakanin ƙatti biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa. Matan layinmu suka yi ta tsegumi wai Glenda tana magana da maci amana. Na ce duk wadda ke da wata hanyar raya mini miji ta kawo, in babu ta kama bakinta.

Da ya ɗan yi ƙarfi ka sa shi a ƙwallon tsofaffi ta ranar Alhamis, wadda ake bugawa a cikin zaure da tafiya kawai, duk wanda ya yi gudu a busa masa usur. Trevor kuwa ba a haife shi da haƙuri ba. Da ya ga ƙwallo sai ya zabura, kai kuma ka busa.

"Glenda, gaya masa ya yi gudu."

"Glenda, gaya masa makaho ne, tuntuɓe na yi."

"Gaya masa ban taɓa ganin tuntuɓen da ya ɗauki mutum daga raga zuwa raga ba."

"Gaya masa ya haɗiye usur ɗin!"

Tun ina isar da saƙon kalma-kalma har na koma ɗaga hannu kawai in ce, "Ka dai ji." Amma sai na ce ɗin. In ban buɗe baki ba, ku duka biyun sai ku tsaya kuna kallona kuna jira, kamar ba a yi maganar ba. Teɓar Trevor ta zube, numfashinsa ya dawo, ya koma hawa bene ba ya tsayawa a tsakiya. Ina ganin yadda yake goge takalminsa tun ranar Laraba.

A sanyin bara ya faɗi a tsakiyar wasa. Ba tuntuɓe ba ne wannan karon, ya kife da fuska, hancinsa ya fashe a kan katako, leɓunansa suka yi shuɗi. Ni ihu kawai nake yi. Ka birkice shi, ka yage masa riga, ka haɗa hannuwanka a ƙirjinsa ka dinga dannawa da duk nauyinka. Ina jin ƙasusuwan mijina suna ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Na kai maka duka a baya ina cewa za ka kashe shi, ba ka ko waiwayo ba. Ka share jinin da tafin hannu, ka haɗa bakinka da nasa. Aka kawo na'urar nan mai lantarki da ke rataye a bango, ka manna masa, jikinsa ya yi tsalle ya dawo ƙasa. Kafin motar asibiti ta iso yana tari yana zagi.

Da aka sallamo shi na ce, "Yau dai za ka buɗe baki ka yi wa bawan Allahn nan godiya." Muka je. Ya tsaya a gabanka yana murza hula, kunnuwansa sun yi ja.

Ya ce, "Glenda, gaya masa ya karya mini haƙarƙari uku."

Ka ce, "Gaya masa da na san zai tashi da bakinsa, da na cika huɗu."

Zaure ya ɗauki dariya, har da ku biyun, kowa yana kallon wani gefe. Na ce a raina shi ke nan, wannan ma ai abota ce, in dai ta ishe su ni ma ta ishe ni. Wa zai ce wannan wasan zai iya cin rai?

Ranar Alhamis ɗin nan an tashi daga ƙwallo, muna ɗakin shayi da ke kallon ƙofar shiga. Lokacin iyon mata ne da yara. Akwai wata yarinya da ba zan faɗi sunanta ba, ta gudo daga hannun miji mai dukanta, tana zaune a gidan da ake ɓoye irinsu, takan kawo 'ya'yanta biyu ruwa. Ban san wanda ya gaya wa mijin ba. Ya faɗo kamar mahaukaci yana kiran sunanta, ya ture mai karɓar kuɗi, ya nufi ƙofar ɗakin sauya kaya na mata. Ka riga shi isa, ka cika ƙofar da jikinka.

Ka ce, "Nan ba ka wucewa, ɗana. Fita."

Ya shaƙe ka, ya kai maka naushi a ido. Ka murɗe masa hannu, ka tura shi har waje, ka ga ya nufi motarsa. Muka ɗauka ya tafi. Ka juyo ka ba ƙofa baya, ka durƙusa kana lallashin ƙaramar 'yar, wadda ta fito a jiƙe tana kuka. Ni ina tsaye wurin mai shayi, bayana ne a ƙofa. Trevor kaɗai ke fuskantar gilashin ƙofar shiga, shi kaɗai ya ga mutumin ya dawo da gudu riƙe da ƙarfen kwance taya.

Ya miƙe, ya ƙwala ihu da iyakar muryarsa. Neville, ka san abin da ya fito daga bakinsa, domin da kunnenka mai lafiya ka ji shi.

"Glenda! Gaya masa..."

Na juya wajen Trevor. Kai kuma ka ɗago kai ka dube ni. Wayyo, wannan kallon. Ido ɗaya a kumbure, amma da ɗan murmushi a bakinka, kana jira in isar da saƙo kamar kullum. Da sunanka ya kira, da ka waiwaya, ko ka kauce, ko ka ɗaga hannu. Kana kallona ƙarfen ya sauka a ƙeyarka. Ya sake ɗagawa ya sauke. Jininka ya fantsama a kan ƙaramar 'yar da kofunan shayi, ka kife a kanta ka rufe ta.

Abin da ya biyo baya ban iya jera shi daidai ba. Na ga Trevor ya ɗauki kujerar ƙarfe ya maka wa mutumin a fuska. Na ga tsofaffin nan da ka shekara kana hana su gudu sun rugo, masu sanda da masu ɗinki a ƙirji, suka danne shi, suka yi ta tattaka shi har sai da na ji tsoron za a kwashi gawa biyu. 'Yan sanda suka ɓamɓare su da ƙyar. Trevor ya zauna a cikin jininka ya ɗora kanka a cinya, ya toshe ramin da rigar ƙwallonsa. Bakinsa yana motsi, babu abin da ke fita. Daga ranar ya daina magana, ko da ni.

Ran da ka cika, Cyril ya tsaya a kulob ya ce ya yi wa iyalinka baƙin ciki, amma doka doka ce, ƙarfe bai goge abin da aka yi a Nuwamba ba. Na same shi a bakin kanti na ce, "Cyril, tawul ɗin wa ka goge jikinka da shi? Tir da tsufanka." Ya ce ba da mata yake magana ba.

Ranar jana'iza hanyar coci ta bi ta gaban kulob, babu wata. Babu tuta, babu badujala. Mu muna tafe a bayan motar gawarka da Maxine da Kerry, da matan iyo, da 'yan ajin zuciya, da matasan da ka koya wa ruwa. Trevor ya fita tun da safe bai ce mini komai ba. Da muka karyo kwana na hango su a jere a bakin titi, tsofaffi kusan ashirin da baƙaƙen kwat, Cyril a tsakiya, mijina a ƙarshen layi. Motar tana matsowa suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, har juyin ya iso kan Trevor.

Bai juya ba. Ya sauko daga dakali ya shiga tsakiyar titi, direba ya taka birki. Ya dafa gilashin da akwatinka ke bayansa, ya buɗe baki, muryar da ta fito ban taɓa jin irinta ba.

"Neville! Neville! Kauce, Neville!"

Shekara arba'in ba a ji wannan suna a gaban kulob ɗin ba. Ihun ya razana su, suka waiwayo gaba ɗaya don su ga abin da ya faru, sai ga su ido da ido da akwatinka. Ba zan yi maka ƙarya in ce duka sun tuba ba. Cyril ya sake juyawa, mutum huɗu ko biyar suka bi shi. Sauran suka tsaya yadda suke, wasu suka cire hula. Trevor ya bi gefen motar da hannunsa a jikin gilashi har ƙofar coci, yana ta kiran sunanka kamar mai biyan na duk shekarun. A can Kerry ta janye mijinta daga cikin masu ɗaukar akwati, ta ba Trevor wurin.

Maxine, kin sha bulo da fenti da ƙeyar mutane, ba ki bar garin ba kuma ba ki bar shi ba. Allah ya ba ki haƙurin wannan ma. Kerry, ke aka haifa a gidan da babu gilashi a taga, Allah ya raya miki 'ya'yanki su san wane ne kakansu. Ina yi wa ma'aikatan cibiya ta'aziyya, da 'yan ajin Alhamis da har yanzu suke taruwa babu mai busa musu usur. Ina roƙon ƙaramar hukuma kada ta bar ajin ya mutu da mai shi, akwai zukata da yawa a garin nan da suka dogara da shi. Yarinyar nan da 'ya'yanta, Allah ya tsare su, kada ta taɓa ɗora wa kanta laifi.

Kai kuma Neville, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka na Nuwamba, ya yafe mana na sauran shekarun. Ya sanyaya makwancinka, ya sa ka a inda za a kira ka da sunanka a amsa maka gaisuwa.

Ina rubuta wannan a teburin kicin, Trevor yana zaune a gefena yana bin biron da ido. Yanzu ya taɓa hannuna ya ce, "Glenda, gaya masa..." Na ce a'a, na gama wannan aikin, gaya masa da kanka. Ga biron na miƙa masa.

Neville, ni ne Trevor. Na gode. Allah ya jiƙanka, abokina.